Fototransista: Yadda ake mayar da hasken da ido ba ya gani ya zama makunni, da yadda ake gwada shi

Idan mutum ya saita kan rimot ɗin talabijin a gaban kyamarar waya ya danna kowane maɓalli, zai ga wani haske fari mai ɗan shuɗi yana ƙyaftawa a sikirin, alhali da ƙwayar ido babu abin da ake gani. Wannan shi ne hasken infirared. Matasa da yawa sun san wannan dabarar ta duba ko batirin rimot ya mutu, amma kaɗan ne suka san 'yar na'urar da ke iya jin wannan hasken ta kunna wani abu ko ta kashe shi. Sunanta fototransista. Girmanta bai wuce ƙwayar wake ba, tana cikin kayan lantarki mafi araha, kuma da ita ake haɗa ƙararrawar ƙofa, na'urar ƙidayar kaya, da 'yan motocin mutum-mutumi masu bin layi da ɗalibai ke yi.

Matsalar ita ce abin yana yaudara. Kamanninsa ɗaya da ƙwan LED, ƙafafunsa sukan zo a juye, kuma gwajin da yawancin mutane ke fara yi masa, wato haska shi da tocilar waya ko danna masa rimot, shi ne gwajin da ya fi sa a yi masa hukuncin mutuwa yana da ransa. An jefar da masu lafiya da yawa a bola ta wannan hanyar.

Mene ne shi, kuma me yake gani?

Wani masanin taurari a Ingila mai suna William Herschel ne ya gano infirared a shekarar 1800. Ya rarraba hasken rana zuwa launuka da gilashi mai kusurwa uku, ya riƙa auna zafin kowane launi, sai ya tarar ma'aunin ya hau a wajen da ke gaba da launin ja, inda ido ba ya ganin komai. Ana auna tsawon zangon haske da nanomita. Idon ɗan'adam yana gani daga wajen nanomita 400 zuwa 700. Rimot yana fitar da nasa a 940, kyamarorin tsaro masu gani da dare kuma galibi a 850, shi ya sa ake hango ɗan ja-ja a ƙwayayensu cikin duhu.

Shi kuwa fototransista, John Shive ne ya ƙirƙiro shi a ɗakin bincike na Bell da ke Amurka a 1948, aka sanar da shi a 1950. Transista ta yau da kullum tana da ƙafa uku: kolekta, emita da bes. Idan aka ba bes 'yar wuta kaɗan, sai hanya ta buɗe tsakanin kolekta da emita, wuta mai yawa ta wuce. A fototransista haske ne ke yin aikin da wutar bes ke yi. Hasken yana faɗawa kan silikon ɗin da ke ciki ya haifar da 'yar wuta, transistar kuma ta ninka ta sau ɗaruruwa. Saboda haka yawancinsu ƙafa biyu kawai gare su. A cikin duhu abin da ke ratsawa bai wuce nanoampiya 100 ba, wanda kusan babu ne. Idan infirared mai ƙarfi ya same shi, wutar takan kai miliampiya ɗaya ko fiye. Wannan tazarar mai faɗi tsakanin duhu da haske ita ta sa yake iya zama makunni.

Baƙin rufin da ke kan wasu ba ado ba ne. Matata ce da ke tare hasken da ido ke gani ta bar infirared ya shige. PT334-6B na kamfanin Everlight irin wannan ne. Masu farin rufi kamar L-53P3C suna amsa wa kowane haske.

Akwai abin da ba ya gani, kuma gara a sani tun kafin a kashe kuɗi: zafin jikin mutum. Jiki yana fitar da infirared, gaskiya ne, amma a wajen nanomita 10,000, silikon kuwa ba ya jin abin da ya haura 1,100. Wanda ke son fitilar da za ta kama da zarar mutum ya shigo ɗaki, na'urar PIR yake nema, mai farar hular nan. Fototransista ba ya sanin mutum ya wuce sai idan ya gitta tsakaninsa da hasken da aka saita masa, ko jikinsa ya dawo masa da hasken.

Mai waya ma yana yawo da danginsa a aljihu. Abin da ke kashe sikirin idan aka kara waya a kunne wani ƙaramin ƙwan infirared ne da mai karɓarsa a saman wayar, kodayake a can an fi sa fotodayod, ɗan'uwansa marar ninkawa amma mai sauri. Idan sikirin ya ƙi dawowa bayan an ɗaga wayar daga kunne, sau da yawa datti ne ko gilashin kariya marar kyau ya rufe wajen. A cikin cajoji da dama kuwa akwai wani ɗan baƙin abu mai ƙafa huɗu, irin PC817, wanda ƙwan infirared da fototransista ne a rufe a gida ɗaya. Shi ke kai saƙo daga ɓangaren da ake jona waya zuwa ɓangaren wutar gida ba tare da wata waya ta haɗa su ba.

Rarrabe shi da masu kama da shi

A wajen masu sayar da kayan gyaran rediyo da talabijin, kamar na kasuwar Sabon Gari a Kano, akan sayar da ƙwayaye biyu tare, fari da baƙi, a ce mai aikawa da mai karɓa. Farin galibi shi ne ƙwan LED mai fitar da infirared. Baƙin zai iya zama fototransista, zai kuma iya zama fotodayod, kuma mai shago ba lallai ya iya bambancewa ba. Mita ce ke raba gardama.

A juya mitar zuwa alamar dayod, a rufe kan ƙwan da yatsa ko a shiga da shi inuwa, a gwada ƙafafun ta kowane ɓangare. Idan ta nuna wajen bolt 1.0 zuwa 1.2 a ɓangare ɗaya, LED ne mai aikawa. Idan ta nuna wajen 0.4 zuwa 0.6 a ɓangare ɗaya, fotodayod ne. Fototransista a cikin duhu ba ya nuna komai ta ko'ina, mitar za ta tsaya a OL ko 1. Wannan shirun ne ke sa wasu su ce ya ƙone, alhali shi ne alamar lafiyarsa.

Abu na uku da ake rikitawa da shi shi ne mai karɓar saƙon rimot da ke cikin talabijin da dikoda, irin su VS1838B da jerin TSOP na kamfanin Vishay. Ƙafarsa uku, akwai cikakkiyar da'ira a cikinsa, kuma ba ya kula hasken da ke kunne ɗaiɗai. Sai wanda ke ƙyaftawa da saurin da aka tsara masa.

Batun ƙafafu na buƙatar natsuwa. A ƙwan LED doguwar ƙafa ita ce fositif, kowa ya saba da haka. A fototransista da yawa gajeriyar ƙafa, wadda ke gefen da aka shafe bakin ƙwan, ita ce kolekta, kuma ita ake kaiwa ɓangaren fositif. Sai dai ba duk kamfanoni ke bin wannan tsari ba, don haka tsawon ƙafa ba hujja ba ce. Juya shi yana da illa: ta hanyar da ta dace yana jure wajen bolt 30, amma a juye wajen bolt 5 ne iyakarsa. Wanda ya jona shi a juye a batir mai bolt 9 ba tare da resista ba yana iya lalata shi kafin ya gane abin da ya faru.

Gwajin farko: mita kaɗai

A sa mitar a ma'aunin om, a babban mataki kamar 200k ko 2M. Jar waya a ƙafa ɗaya, baƙa a ɗayar. A rufe kan, mitar ta nuna OL ko adadi mai yawan gaske. A buɗe a nuna shi ga hasken rana ta taga, adadin ya faɗo zuwa 'yan dubbai ko ƙasa da haka. Sai a sauya wayoyin a maimaita. Ɓangaren da adadin ya fi faɗuwa sosai shi ne daidai, kuma ƙafar da jar waya ke kai a lokacin ita ce kolekta. Wannan a mita mai nuna lambobi ke nan. A tsohuwar mita mai allura, idan tana ma'aunin om, baƙar waya ce ke ɗauke da fositif, don haka lissafin ya juye.

Idan adadin ƙarami ne a haske da duhu duka, ya haɗe a ciki, ya tashi aiki. Idan bai motsa ba ko a tsakar rana ta kowane ɓangare, nan ma haka.

Da me za a haska shi? A nan ne tocilar waya ke ba da kunya. Farin LED kusan ba ya fitar da infirared, baƙin rufin kuma yana tare abin da yake fitarwa, shi ya sa mitar ba ta cika motsawa ba komai hasken tocilar. Rana ta fi komai, domin kusan rabin ƙarfin haskenta infirared ne. Tsohon ƙwan lantarki mai zare a ciki, kyandir, fitilar kananzir, ko harshen ashana daga ɗan nesa, duk suna aiki.

Rimot kuma labarinsa daban. Ba ya kunna ƙwansa ya bar shi. Yana ƙyafta shi sau 38,000 a daƙiƙa a yawancin na'urori, wasu 36,000, na Sony 40,000, sannan ya yanyanka wannan ƙyaftawar gunduwa-gunduwa don rubuta saƙon. Kowane zagaye ɗaya wajen mikrosakan 26 ne, fototransista kuwa yakan ɗauki wajen mikrosakan 15 kafin ya buɗe, ya ɗauki kamar haka kafin ya rufe, idan resistar ta yi girma ma ya fi haka jinkiri. Mita mai lambobi kuma matsakaici take nunawa. Abin da za a gani shi ne lambobi suna ɗan rawa. Wannan rawar shaida ce cewa yana ji, ba alamar rauni ba ce.

Kafin a zargi mai karɓa, a tabbatar mai aikawa yana ci. Kyamarar waya ce ke wannan aikin, amma kyamarar baya ta wasu wayoyi, musamman iPhone, tana da matata mai ƙarfi da ke tare infirared. Idan ba a ga komai ba, a koma kyamarar gaba.

Haɗa shi ya zama makunni

Wuta mai bolt 5 ta isa, kuma tsohuwar wayar USB da aka yanke tana bayarwa: ja fositif, baƙa negetif. Fawabank ya fi aminci, sai dai da yawansu suna kashe kansu idan abin da ake ja ya yi kaɗan. Idan da'irar ta mutu bayan 'yan daƙiƙu, a fara duba nan.

Ɓangaren aikawa ba shi da wuya. Ƙwan infirared yana cin wajen bolt 1.2, saura 3.8 ke nan. Resista mai om 220, mai zanen ja, ja, ruwan ƙasa, za ta ba shi wajen miliampiya 17, wanda ya dace da shi. Ba a jona shi babu resista. Tun da ido ba ya ganin haskensa, yana iya ƙonewa ba wanda ya lura.

A ɓangaren karɓa, a ɗauki resista mai om 10,000, wadda ake kira 10k, mai zanen ruwan ƙasa, baƙi, ruwan lemo. Ƙafarta ɗaya a fositif, ɗayar a kolekta. Emita ta tafi negetif. Mahaɗar resista da kolekta ita ce mafita. A sa mita a ma'aunin bolt, jar waya a mahaɗar, baƙa a negetif. A cikin duhu wuta ba ta bi ta resistar, don haka mitar za ta nuna kusan bolt 5. Idan aka saita ƙwan infirared a gabansa, adadin zai zube zuwa wajen 0.2 ko 0.4. A sa kwali a tsakani, ya koma 5. Makunni ya samu.

Wanda ke son akasin haka, wato haske ya ɗaga mafita, sai ya sauya musu wuri: kolekta kai tsaye a fositif, resistar tsakanin emita da negetif, mafita a emita.

Zaɓen resistar nan shi ne zuciyar aikin, kuma a nan da'irori da yawa ke lalacewa. Kafin mafita ta sauka ƙasa sosai, dole fototransistar ya iya jan duk wutar da resistar ke bari ta wuce. Da 10k, abin da ake buƙata bai kai rabin miliampiya ba. Da 1k ana buƙatar kusan miliampiya 5, wanda da wuya ya samu sai an manna ƙwayayen biyu baki da baki. Sakamakon shi ne mafita ta tsaya a bolt 3 ko 4, ba a kunne ba, ba a kashe ba. Da 100k kuwa haske kaɗan ya ishe shi, zai ji daga nesa, amma zai ji hasken taga da na ƙwan ɗaki ma, kuma zai yi nawa. 10k wurin farawa ne mai kyau. Wanda ya haɗa resista mai juyawa ta 100k a jere da 1k zai iya daidaita jin da hannu a inda za a girke abin, kuma wannan ya fi dogaro da lissafin takarda.

Tsayawa a tsakiya ba ƙaramar matsala ba ce ga mai amfani da Arduino Uno. Allon yana ɗaukar abin da ke ƙasa da bolt 1.5 a matsayin kashe, abin da ya haura 3 a matsayin kunne. Tsakanin nan babu tabbas, yau ya ce haka, gobe ya ce haka. Shi ya sa 'yan allunan infirared da ake sayarwa a haɗe suke zuwa da LM393, wanda ke kwatanta wutar da wani mizani ya yanke hukunci ɗaya. Mai ESP32 kuma ya kai resistar zuwa bolt 3.3, domin ƙafafun allon ba sa ɗaukar 5.

Kada a ɗora masa kaya

Kuskuren da ya fi yawa shi ne jona ƙararrawa ko mota ko rile kai tsaye a jikin fototransista. Ƙananan nan da yawa miliampiya 20 ne iyakarsu, kuma hasken da ke samunsu ba ya ma isa su kai nan. Aikinsa ba da umarni ne, wata transistar ke ɗaukar kayan.

Ga yadda ake ƙararrawar ƙofa. Daga mahaɗar kolekta da 10k a ja resista 1k zuwa bes ɗin BC547. Emitar BC547 ta tafi negetif. Tsakanin kolektarta da fositif a sa jan LED da resista mai om 330, ko ƙaramar buza mai bolt 5 irin mai kuka da kanta. Muddin hasken na isa, mahaɗar tana ƙasa da bolt 0.6 da bes ke buƙata, BC547 na rufe. Da zarar wani ya gitta, mahaɗar ta ɗaga, wajen miliampiya 0.4 ya shiga bes, transistar ta buɗe, buza ta yi ƙara. Idan buzar na kuka ko da hasken na nan, fototransistar bai sauka ƙasa sosai ba: a matso da ƙwayayen, a gyara saitinsu, ko a ƙara girman resistar.

Ƙarar tana tsayawa da zarar mai wucewa ya wuce, wanda bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Don shago ko kejin kaji da ake son mai barci ya farka, sai an ƙara abin da zai riƙe ƙarar, kamar 555 ko Arduino.

Rile mai bolt 5 yana jan wajen miliampiya 70, kuma wutar bes ta wannan da'irar ta yi masa kaɗan. Ana ƙara transista ta biyu, a kuma gicciya dayod 1N4007 a kan naɗin rilen, zanen dayod ɗin na kallon fositif, don ya shanye tartsatsin da naɗin ke mayarwa idan an kashe shi. Allon rile da aka riga aka haɗa ya fi sauƙi. Amma duk abin da zai taɓa wutar gida ko ta janareta, mai bolt 220 zuwa 230, ba aikin mai koyo ba ne a kan allon gwaji. Wannan wutar tana kisa, ɓangaren nan a bar wa ƙwararren mai gyaran wuta.

Rana, babbar abokiyar gaba

Da'irar da ta yi aiki lafiya a ɗaki da daddare takan ƙi aiki da hantsi a bakin ƙofa. Ba lalacewa ta yi ba. Infirared ɗin rana ya ninka na ɗan ƙwan nan nesa ba kusa ba, sai fototransistar ya zauna a buɗe, ko mutum goma suka gitta ba zai sani ba. Ga ƙararrawar tsaro wannan shi ne mafi munin lalacewa, domin shiru take yi, mai ita kuma yana zaton tana gadi.

Maganin farko mai araha ne: a zura fototransistar cikin baƙin bututu mai tsawon santimita 3 zuwa 5, kamar gangar biro da aka naɗe da baƙin tef, bakin na kallon mai aikawa kaɗai. A juya shi ya ba ƙofa ko taga baya. A rage resistar kaɗan idan har yanzu yana jin hasken gefe. Ƙurar hunturu ma tana dusashe kan ƙwayayen a hankali, har ƙararrawa ta fara kuka babu dalili, don haka suna son shafawa lokaci-lokaci.

Da irin wannan haɗin mai sauƙi, tazarar 'yan santimita zuwa faɗin ƙaramar ƙofa ake samu, shi ma sai an saita su sosai. Wanda ke son mita biyar ko goma, ko aiki a fili, sai ya bi hanyar da masu rimot suka bi: ya sa 555 ko Arduino ya riƙa ƙyafta ƙwan sau 38,000 a daƙiƙa, gunduwa-gunduwa, ya sa TSOP a ɗaya ɓangaren. Hasken rana ba ya ƙyaftawa haka, don haka mai karɓar yana watsar da shi.

Wanda bai samu fototransista a kasuwa ba, tsohuwar firinta na ɗauke da su a cikin 'yan baƙaƙen robobi masu tsaga a tsakiya, waɗanda ke gane ko takarda ta shigo. Tsohon linzamin kwamfuta mai ƙwallo a ƙasa ma yana da su a gefen 'yan ƙafafun nan masu ramuka. Ƙwan aikawa na gefe ɗaya na tsagar, mai karɓa na ɗaya gefen, an riga an saita su an kare su daga hasken waje. Gwajin dayod da mita zai nuna ƙafafu biyun da ke na LED, ragowar biyun su ne kolekta da emita.